Shin rauhanai mala'iku ne ko aljanu?

Ɗalibi, Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. Malamaina da iyayena, ina neman ƙarin haske. A unguwarmu akwai wani mai duba da mata ke tururuwa wurinsa, wanda yake cewa shi ba boka ba ne, domin ba ya hulɗa da aljanu, rauhanai ne ke yi masa hidima, kuma wai jinsin mala'iku ne da ya samu bayan ya shiga halwa. Gwaggona ta sakankance da shi saboda ya faɗa mata wani sirrin gidanta. Shin akwai wata halitta tsakanin mala'iku da aljanu? Ina kuma matsayin iskokin 'yan bori?

Malamin zaure, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha ya nuna cewa an halicci mala'iku daga haske, aljanu daga harshen wuta, Adamu kuma daga abin da aka siffanta mana, wato ƙasa. Mala'iku ba sa zama barorin kowa, domin a Suratu Maryam, aya ta 64, sun ce ba sa sauka sai da umarnin Ubangiji, saboda haka duk abin da ke amsa kiran mutum don an ƙona masa turare, in har akwai shi, aljani ne ko da wane suna aka laƙaba masa. Aljanu kuwa ba su san gaibu ba. Ka duba Suratu Saba'i, aya ta 14, inda suka ci gaba da aikin wahala a gaban Annabi Sulaimanu alhali ya rasu, ba su ankara ba sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi. Abin da ke sa maganar mai duba ta dace wani lokaci shi ne kalma guda da aljani ya sato, ya cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Ka gaya wa gwaggonka cikin ladabi cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Hajiya, Daura:
Allah ya gafarta Malam, bari in taɓa ɓangaren iskoki, tunda mun taso mun tarar da tsofaffi suna hana mu zama gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana, da leƙa rijiya da almuru, wai kada mu taka 'ya'yan mutanen ɓoye. A wurin 'yan bori kowane iska yana da mazauni da hali da kiɗan garayarsa: Sarkin Rafi na fadama ne, Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ɓarnar dukiya, Inna kuwa ita ake ɗora wa alhakin shanyewar ɓarin jiki, kuma suna cewa birninsu Jangare. Abin lura shi ne har da Malam Alhaji a cikinsu, mai carbi da tarin tsufa, wanda ke nuna yadda bori ya ari rigar Musulunci don ya rayu, musamman bayan jihadin 1804. A ganina rauhanan mutumin nan ma rigar ce. Ko rijiyar Kusugu tamu, da aka ce macijiya ba ta barin a ɗebi ruwanta sai ranar Juma'a kafin zuwan Bayajida, tana nuna daɗewar wannan tunani na cewa ruwa yana da mai shi. Abin da ke ci mini rai shi ne mai hawan jini ya faɗi, a tsaya neman girka, wato maganin 'yan bori, maimakon asibiti.

Manazarci, Ƙofar Guga:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai kada a haɗa kowa a kwando ɗaya. Ilmin hatimi da haruffa ya daɗe a hannun manyan malamai, kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, aikin da masana lissafi ke ambato har yau. Malamai sun yi saɓani a kan amfani da shi, amma wannan daban yake da mai zaman kanti yana sayar da labarin gobe. Game da sirrin gwaggo kuwa, a fara bincika ko wace ce ta raka ta, da abin da aka tattauna a zauren jira.

Ɗalibi, Ƙofar Sauri:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Maƙwabciyarta ce ta kai ta, kuma yanzu ya ce ta kawo baƙin bunsuru a yanka, ba za a ci naman ba, binne shi za a yi.

Malamin zaure, Ƙofar Marusa:
To ɗana, kada a sayi bunsurun nan, domin yankan da ake zaɓa wa launi a binne ba sadaka ba ne, yanka ne don wanin Allah, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya la'anci mai yin sa. Ka sami kawunka ku je mata tare kafin ranar kasuwa.