Me za mu kira "kompakshan" a aikin kwalta?

'Yan uwa, akwai kalmar da injiniyoyi da leburori ke yawan faɗa a bakin aikin titi, wato kompakshan, aikin da rola ke yi kan kwaltar da aka shimfiɗa. Bari mu fara duba aikin kansa kafin mu raɗa masa suna.

Ana haɗa tsakuwa da yashi da garin dutse da baƙin danƙon nan da ake samu wajen tace ɗanyen mai, wanda bai cika wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 na nauyin haɗin ba. Haɗin yana fitowa daga inji da zafin wajen digiri 150 zuwa 165, shi ya sa ake lulluɓe tifa da tamfol. Da an shimfiɗa, sai rola ta hau kai nan take. In aka yi sanya har zafin ya sauko wajen digiri 80, to an makara, ko wuni rola ta yi tana kai da komo ba abin da zai ƙaru. Iska ta maƙale a ciki ke nan, ruwan damina ya sami kafar shiga, sai ramuka.

Wajen neman sunansa da Hausa, wani ya kawo "dannewa", wani kuma "matsewa". Dannewa ba ta gamsar da ni ba, don abin da aka danne yana iya tasowa in an ɗaga. Matsewa ta fi kusa, sai dai tana kai hankali ga fitar da ruwa.

Ni dai "daɓe" na zaɓa. Duk wanda ya ga mata suna daɓe ɗaki ya san aikin: a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da madaɓi tun da danshi har ƙasa ta haɗe. Su danshi suke tsere da shi, masu kwalta kuwa zafi.

Har a ɗakin gwaji kalmar ta zauna daram. A gwajin Marshall, wanda ake yi don auna ƙarfin haɗin kwalta, guduma ake saki kan samfurin haɗin sau 75 kowane gefe in titin na manyan motoci ne. Bayan an gama shimfiɗa kuma a huda titin, a ciro ɗan dunƙule a auna. Wannan sai mu ce "gwajin daɓe", in sakamako bai kai ba a ce "daɓe bai kama ba". Magana ce da lebura zai gane ba sai an yi masa bayani ba, kuma shi ne ke tsaye a gaban kwaltar tana tururi.

Rola kam a bar mata sunanta, ta riga ta zama 'yar gida. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku ma daɓe kuke cewa, ko kuna da wata?