Kayan Sallah na gidan marayu: taimako ne, ko farin cikin yini ɗaya?

Maganar ta taso ne a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu, bayan an sanar da karo-karon ɗinka wa yaran wani gidan marayu na nan Damagaram kayan Babbar Sallah.

Mushe na lakwal: Assalamu alaikum. Zan ba da nawa, kada a ce na ƙi. Amma abin da ke cina tun bara shi ne, wannan kyauta mu take faranta wa rai fiye da yaran. Mu kai shadda da cinyar rago, a ɗau hoto, kowa ya watse. Wa ke leƙa su a watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa, yara na kwance da masassara? Oktoba ta zo a koma lakwal, babu littafi babu takalmi. Ga ruwa. Kowa ya san halin garin nan, gida mai yara da yawa kullum sai ya biya 'yan garuwa.

Hajiya mai ɗinki, Zengo: Haba Mushe, kada ka raina yinin nan. Ni nake gwada su da hannuna. Bara wata 'yar ƙarama ta ƙi yarda a ajiye mata rigarta tare da na sauran, ta naɗe ta ta yi matashi da ita har gari ya waye. Ranar da yaran gari suka yi ado suka nufi ƙofar fada kallon hawa, ita ma ta shiga cikinsu ba wanda ya nuna ta da yatsa. Wannan ba taimako ba ne?

Mushe na lakwal: Taimako ne, Hajiya. Ragowar watannin nake tambaya.

Malam na Garin Malam: Ku duka kuna da gaskiya, sai dai a duba lafazin. Hadisin da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya haɗa manuniya da ɗan yatsan tsakiya, a kan mai ɗaukar nauyin maraya ya zo, kuma ɗaukar nauyi abu ne mai ɗorewa. Zancen hoto kuwa, aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Yaron nan zai girma ya ga fuskarsa a Facebook yana miƙa hannu.

Ɗan kabu-kabu: Allah gafarta Malam, in ba hoto mutane ba su yarda kuɗinsu ya isa ba. Mun sha gani.

Malam na Garin Malam: A ɗauki buhun da takardar saye, ɗana, a bar fuskar yaro.

Wata ƙanwarku: Ban taɓa magana a nan ba. A irin gidan nan na tashi, kuma mahaifiyata tana da rai. Babana ne ya rasu, ta rasa abin ciyar da mu huɗu, aka kai biyu. Ba ni kaɗai ba ce, ƙungiyar agajin yara ta Save the Children ta ce a duniya kusan 4 cikin 5 na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Ranar Sallah nama har ya gundure mu, baƙi su rungume mu su ce za su dawo. Mukan zauna bakin ƙofa muna jira. Inna Hajiya, rigar tana da daɗi, wallahi har yau ina tuna launin tawa ta farko. Amma da kuɗin rigar da na ragon aka mai da su tiya-tiyar hatsi duk wata aka kai wa mahaifiyata, da a ɗakinta na kwana.

Hajiya mai ɗinki, Zengo: Allah sarki 'yata. Kin sa ni hawaye. To waɗanda ba su da kowa fa, irin jariran da ake tsinta?

Wata ƙanwarku: Su ne suka fi buƙatar fuska ɗaya mai dawowa, Inna. Ko ranar Juma'a ce kawai.

Mushe na lakwal: Ga shawarata. A raba abin da aka tara gida biyu, rabi kayan Sallah, rabi a ajiye don ruwa, magani da komawa lakwal. Mai iko kuma ya ɗauki alkawarin jika ɗaya duk wata.

Ɗan kabu-kabu: Ni dai ban yarda a taɓa kuɗin Sallah ba. Da sunan Sallah mutane suka bayar. A buɗe wani asusun daban, ni zan riƙa zagayawa karɓa a kan babur ɗina kyauta.

Hajiya mai ɗinki, Zengo: Gobe da hantsi zan je gwaji. Zan tambayi mai kula da su yara nawa ne iyayensu mata ke cikin gari, in kawo muku adadin kafin mu yanke.