Neman shawara: kuskuren fuskar eriyar raga ya ƙi sauka ƙasa da milimita 1.2

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ƙera samfurin eriyar tauraron ɗan'adam a kwamfuta, irin ta raga da ke buɗewa a sararin samaniya kamar AstroMesh: firam mai zobe, sarƙar igiyoyin gaba da ta baya, da igiyoyin ja a tsakaninsu. Faɗinta mita 6, nisan fokas mita 4.8, za ta yi aiki a 12 GHz. Burina kuskuren RMS (matsakaicin kaucewar fuskar eriya daga siffar da ake so) kada ya wuce milimita 0.5, amma 1.2 nake samu, kuma da na haɗa firam sai igiyoyin bakin zobe su saki. Gefen kowace alwatika santimita 50 ne. Ta ina zan fara?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam Malam. Burinka daidai ne. A 12 GHz tsawon zangon sigina milimita 25 ne, kashi ɗaya cikin 50 shi ne 0.5, kuma lissafin Ruze, mai auna ƙarfin siginar da kuskuren fuska ke ɓatarwa, ya nuna asarar da ke wurin kusan 0.27 dB ce. Amma kafin ka taɓa ƙarfin igiya, duba alwatikunka. Alwatika shimfiɗaɗɗiya ce, farabola kuwa, wato siffar kwano da ake so fuskar eriya ta ɗauka, a lanƙwashe take, don haka akwai kuskuren da ba ya gyaruwa da ja: L² a raba da 62F, inda L ke nufin tsawon gefen alwatika, F kuma nisan fokas. Da santimita 50, wannan kaɗai ya ci milimita 0.84. Ka rage gefen zuwa santimita 30, zai koma 0.3. Tunda ana haɗa kurakurai ne da saiwar jimlar murabba'insu, 0.4 ya rage maka na zafi da ƙira da sauransu. Sai dai mahaɗan igiyoyi za su kusan ninka uku, nauyi da haɗarin sarƙewa wajen buɗewa su ƙaru.

Amsa ta 2:
Sakin igiyoyin nan, ɗan uwa, daga firam yake. Hanyar Schek ta 1974 ta nemo siffar igiyoyi, wadda ake raba ƙarfin jan igiya da tsawonta, tana ɗaukar bakin zobe a kafe. Firam na gaske kuwa yana lanƙwasawa ciki idan igiyoyi suka ja shi, sai na gefe su yi sanyi. Ka yi ta zagaye: nemo siffa, ɗora ƙarfin a kan firam, ɗauko sabon matsayin mahaɗan baki, sake nemo siffa, har motsin ya yi ƙanƙanta ƙwarai. A manhajar, ka kunna lissafin babban motsi, kuma ka sa igiyoyi su ɗauki ja kawai. Idan ka bar su suna ɗaukar matsi, sakamakon zai yi kyau a allo alhali ƙarya ne.

Amsa ta 3:
Ƙari kaɗan. Kada ka auna kuskure a mahaɗai kaɗai; ka baza wuraren awo cikin kowace alwatika, ka gwada su da farabolar da ta fi dacewa da fuskar. Sannan ka saka ragar kanta a samfurin. Saƙar wayar molibdenum ce mai rufin zinariya, kuma janta yana sa ta tasowa tsakanin igiyoyi kamar matashin kai, musamman idan jan igiyoyin gaba bai fi nata sosai ba. Daga ƙarshe ka jefa ƙananan kurakuran tsawon igiya barkatai, ka maimaita lissafin sau ɗaruruwa, ka ga waɗanne igiyoyi ne suka fi ɓata fuskar. Su za ka tsananta wa awo wajen yanka.