Neman kalmar Hausa: me za mu kira Cercospora?

Jama'a, na karanta duk amsoshinku kan sunan Hausa da za mu ba fumfunar nan, Cercospora. Mafi yawanku kun zaɓi "fumfunar tabon ganye". Yana da daɗin faɗi, manomi ma zai gane nan take, amma ban goyi bayansa ba, ga dalilina.

Tabon ganye sunan cuta ne. Cercospora kuwa sunan zuri'a ce ta fumfuna (genus a Turanci, wato rukunin nau'o'i masu kusanci da juna), wadda Fresenius, masanin tsirrai ɗan Jamus, ya raɗa mata a 1863. Ba ita kaɗai ke sa wa ganye tabo ba: Alternaria na yi, Septoria ma na yi. In muka ba ta sunan cutar, da me za mu kira sauran?

Ku duba gonar wake a ƙarshen damina. Za ku ga ganye da tabo ja-ja, yana yin rawaya yana kakkaɓewa, harawa ta lalace. A ido cuta ɗaya ce, amma masu jawo ta biyu ne, Cercospora canescens da Pseudocercospora cruenta. Ta biyun a da tana cikin Cercospora, aka fitar da ita. Sai a madubin likita ake ganin bambancin: ƙwayoyin irin ta farko farare ne tas, suna barin tabo mai kauri inda suka tsinke, na ta biyun kuwa masu duhu ne, ba su barin wannan tabon. Haka aka yi wa mai jawo baƙin tabon gyaɗa na ƙarshen damina, wadda ke yin gari a ƙasan ganye. An yi ta sauya mata zuri'a, yanzu Nothopassalora personata ake ce mata.

Malam da ya ce a rubuta "Sakosfora" kawai a huta, ina tare da kai rabi. A takardar jarrabawa da rahoton bincike sunan Latin zai tsaya yadda yake, don ɗalibin Samaru da na Maraɗi su fahimci juna. Amma malamin gona da ke magana a rediyo yana buƙatar abin da kunne zai riƙe.

Shawarata ita ce "mai-wutsiya". Asalin sunan ma ke nan a Girkanci, kerkos wutsiya, spora iri, saboda ƙwayar irinta doguwa ce siririya, tana tsukewa zuwa ƙarshe. Pseudocercospora sai ta zama "kama-da-mai-wutsiya", tunda kama da wane ba wane ba ne.

Matakan rabe-raben halittu kuma (family, genus da species a Turanci), ga shawarata: dangi a sama, zuri'a a tsakiya, nau'i a ƙasa. Na guji "iri" da gangan, domin a bakin manomi iri shi ne abin shuka.

Hajiya da ta kawo "fumfuna" maimakon "naman gwari", wannan kam na karɓa. Naman gwari shi ne wanda ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace. Wanda ke da ja kan "zuri'a" ya kawo tasa mu gani.