Waɗanda suka taɓa aiki da katalis ɗin Wilkinson, ku zo mu yi hira

Mai project: Salam 'yan uwa, sufabaiza na ya ce sati mai zuwa zan haɗa katalis ɗin Wilkinson da hannuna, wato sinadarin nan da ke hanzarta shigar da haidrojin cikin wasu sinadarai, kuma rodiyam ɗin (ƙarfe mai tsada da ake yin sa da shi) da muke da shi a lab bai cika gram ɗaya ba wallahi tun jiya nake tunanin kar in ɓarar da shi. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Yayarku ta lab: Wa'alaikumussalam ƙanina, kwantar da hankalinka. Na yi shi lokacin digirina na biyu, gishirin rodiyam ne za ka narkar a itanol ka zuba cikin sinadarin tirifenilfosfin da shi ma aka narkar a itanol mai zafi, shi fosfin ɗin ka sa shi da yawa sosai don shi ke rage cajin rodiyam ɗin daga +3 zuwa +1, sai ka bar shi yana tafasa a hankali. Can za ka ga 'yan ƙwayoyi jajaye suna sauka ƙasan kwalba, kalar zoɓo sak wanda aka dafa ya yi kauri. Ranar na daɗe tsaye ina kallon su. Abu ɗaya dai, ka kori iska daga itanol ɗinka da naitrojin kafin ka fara, kar ka ce ai ba komai.

Tsohon ɗalibi: Maganar iskar nan gaskiya ce Hajiya. Ni nawa ya yi kyau ranar farko, da na narkar da shi zan yi aiki sai aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta iska ta shiga, ruwan ya koma ƙasa-ƙasa, na yi ta tura haidrojin shiru ba abin da ya motsa. Mai kyau kuwa da haidrojin ya taɓa shi za ka ga jan ya washe ya koma ruwan ɗorawa, nan ka san ya kama aiki. Kuma ka tara duk ragowar a kwalba guda kar ka zubar, a 2021 sai da oza ɗaya na rodiyam ya haura dala 25,000, mafi yawansa daga ma'adinan Afirka ta Kudu ake haƙo shi.

Malamin kimiyya: Ni abin da ke damuna yara suna haddace sunan ba su san mutumin ba. Geoffrey Wilkinson ɗan Todmorden ne a Ingila, ya yi shekaru yana koyarwa a Imperial College ta Landan, kuma kyautar Nobel da suka raba da Ernst Otto Fischer a 1973 ba ma a kan wannan katalis ba ce, a kan irin su ferosin ne, inda ƙarfe ke zaune tsakanin zobba biyu. Katalis ɗin a tsakiyar shekarun 1960 ya fito. Kafin shi yawanci garin ƙarfe ake zubawa irin nikel ko filatinam wanda ba ya narkewa, nasa kuwa narkewa yake cikin ruwan aikin, yana yi a zafin ɗaki, kuma yana da zaɓe, yana saka haidrojin a mahaɗi biyu-biyu da ke tsakanin ƙwayoyin kabon amma wanda ke cunkushe ba ya taɓa shi.

Ɗan famasi: Malam wannan zaɓen da ka faɗa shi ya taɓa ni. Ban taɓa riƙe katalis ɗin ba, amma na raba Mectizan, wato maganin aibamektin, a ƙauyukan bakin kogi, muna auna tsayin mutum da sanda mu ba shi ƙwaya saboda makantar da baƙin ƙuda ke kawowa. Akwai wani dattijo da jikansa ke ja masa gora, ya zo ya ce shi tasa ta riga ta faru, yaron za mu ba. Sai daga baya a aji na ji ashe aibamektin ɗin nan daga wani sinadari abamektin aka samo shi, mahaɗi biyu-biyu suna da yawa a jikinsa amma guda ɗaya tak ake so a cike da haidrojin, na tsakanin kabon na 22 da na 23, kuma da katalis ɗin Wilkinson aka yi. Aibamektin ɗin shi ne dai wanda ake yi wa shanu allurarsa.

Mai project: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Yaya minti nawa kike barin naitrojin ɗin a cikin itanol kafin ki zuba?