Neman shawara: Hajiyarmu ta ce ita da asibiti har abada

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana da hawan jini da ciwon suga, ga gwiwa ta sa ta a gaba. Tunda aka kawo ta Kano amarya a Gwammaja take. Da Baba ya rasu a 2021 aka zo rabon gado, mu goma sha ɗaya ne, ɗaki uku, gidan ba ya rabuwa. Allah ne shaidata ban so a sayar ba, 'yan ɗakin amarya ne suka matsa, yayanmu kuma ya yi shiru kamar ba shi a wurin. Har yau akwai waɗanda ba ma gaisawa. Ni na ɗauko ta zuwa gidana can Danbare, hanyar Gwarzo, maigidana ya ba ta ɗaki guda.

Ranar ganin likita muna idar da asuba muke fita. Layinmu ba kwalta, in an yi ruwa mai adaidaita ba ya shigowa, sai mun taka zuwa titi tana dafe da kafaɗata. Wajen hawa ni ke ɗaga mata ƙafa ɗaya, in sake ɗaga ɗayar. Mu je mu bi layin kati, layin biyan kuɗi, layin awo, kuma ba ta karya ba saboda gwajin suga. Zuwanmu na ƙarshe jiri ya kwashe ta a kan benci. Banɗakin wurin na tsuguno ne, ita ko ba ta iya tsugunawa, haka ta riƙe fitsari har gida. Muna shiga ta ce, "Ke 'yar nan, ku bar ni in mutu a ɗakina." Wata biyu ke nan. Da tsohuwar takarda nake sayo magani a kemis. Ya zan yi?

Ummu Hanifa:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Wallahi kamar labarina kike bayarwa. Surukata nake jinya shekara huɗu, 'ya'yanta maza biyar, ba mai turo ko kuɗin shatar adaidaita. Sai da sallah su zo da shadda suna tambaya me ya sa ta rame.

Baban Walid:
Hajiya, gaskiya ɗaya ce, kuskuren naku ne. Ba a ciro tsohuwa daga cikin gari a kai ta bayan gari. Amma aikin gama ya gama. Abin yi: ki daina kai ta babban asibiti. Awon jini da suga aikin asibitin sha-ka-tafi ne, akwai shi kusan kowace mazaɓa. Ki sayi na'urar awon hawan jini da ta suga, ki riƙa rubuta sakamakon a littafi. In kin ga yana wuce 140/90 a kai a kai, sannan ki nemi likita. Ki kuma je KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, ki tambayi yadda ake sa tsofaffi a tsarin. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta tanadi asusun masu rauni, tsofaffi na ciki. Haƙƙinku ne, rashin tambaya ke cutar mu.

Maman Sadiq:
Malam, ina kake so in kai ta? Gidan an sayar. Mu ma tsadar haya ce ta kore mu bayan gari, ba son ranmu ba. Kuma ƙaramin asibitin unguwarmu mata masu awon ciki da rigakafin yara nake gani.

Anti Nas:
Ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ba ki faɗa mana maganin da take sha ba. Ranar da jirin ya kwashe ta, ta sha maganin suga kafin ku fita? Akwai irin su glibenclamide da in aka sha ciki ba komai suga ke faɗuwa ƙasa, tsofaffi sun fi shiga haɗarin. Ki riƙa tafiya da dabino da abin kari a jaka, ana ɗibar jini ta ci. Na'urar gida tana da amfani, amma ba ta duba ƙoda ko ido, su kuwa waɗannan cutukan biyu su suke fara ci a ɓoye. Dole likita ya gan ta. Ki kuma riƙa duba tsakanin yatsun ƙafarta kullum da dare. In maganin gwiwa kike sayo mata irin diclofenac, ki dakata, yana taɓa ƙoda yana ɗaga jini.

Baban Walid:
Anti, da girmamawa, matar ta ce ba ta zuwa. Ɗaure ta za a yi? Tunda aka cire tallafin mai a 2023 nawa ne shata daga Danbare zuwa cikin gari da dawowa? Abin da zai yiwu nake faɗa. Mahaifina haka na yi masa shekara shida.

Ɗan Kurna:
A gwada zogale da tafarnuwa, kakata da su ta rayu. Ni abin da ke ci min rai, Babanmu shekara 35 yana aiki, yau kuɗin fansho ko maganin wata ba ya saya. Na ji a Ibadan akwai sashen tsofaffi zalla a asibitin koyarwa tun 2012. Ai ya kamata ko layi daban a ware musu ko'ina.

Anti Nas:
Zogale abinci ne, ta ci. Amma kar a ajiye ƙwaya saboda shi, shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama.

Hajiya Babba:
'Yata, ni na kusa sa'ar mahaifiyarki. Ba layin ne kaɗai ya hana ta ba. Kunya ce. Mace ta girma a ce 'yarta ke ɗaga mata ƙafa a bakin titi, ga maganar fitsarin nan. Kuma a Gwammaja tana da maƙwabta, a wurinki wa take gani? Ki nemo ƙawarta ɗaya ta zo ta lallashe ta, ki sa yayanku ya zo da mota.

Maman Sadiq:
Mama, wallahi ba ta rasa komai a gidana, jikokinta na kewaye da ita. Yaya kuma na kira shi sau uku, kullum sai ya ce motar na wurin bakanike. Ba zan ƙara roƙonsa ba. Anti, ban san sunan maganin ba, fari ne ƙarami da wani dogo, in na koma gida zan ɗauki hoton kwalin. Eh, tana shan na gwiwa, mai kemis ne ya haɗa mata, kuma shi kaɗai ke sa ta barci. Shi ma in hana ta?

Baban Walid:
Ki dai sayi na'urar tukuna.