Yaran makarantun kwana na Kanada: ya zan yi da rajistar da babu suna?

Ummu Safiyya:
Salam 'yan uwa. Ina mastas a tarihi a nan Winnipeg, bincikena a kan makarantun kwanan nan ne da gwamnatin Kanada da coci-coci suka dinga kwashe yaran 'yan asalin ƙasar suna kaiwa, a raba su da iyaye a hana su yarensu, yara wajen 150,000, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Jiya ina duba hoton wata tsohuwar rajista sai ga layin wata yarinya da ta rasu, ba suna sai lamba, wallahi kasa ci gaba na yi na rufe kwamfutar. Don Allah ya ake rubuta tarihin wadda ko sunanta ba a rubuta ba?

Ɗan Zazzau:
Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu. Abin ba a kanki aka fara ba, hukumar gaskiya da sulhu da ta ba da rahotonta a 2015 ta ƙirga mamata fiye da 3,200, wajen kashi ɗaya cikin uku ba suna, kusan rabi ba a ma faɗi abin da ya kashe su ba. Kar ki tsaya a rajista ɗaya, ki ɗauki lambar ki bi ta cikin rahoton da makarantar ke aika wa gwamnati a Ottawa, babban birnin ƙasar, don karɓar kuɗin kowane yaro, da littattafan cocin, wani lokacin a can sunan ke ɓullowa. Ki nemi rahoton 1907 na Dakta Peter Bryce kuma, likitan gwamnati ne da ya duba makarantun, tun lokacin ya faɗa wa gwamnati tarin fuka na cinye yaran suka yi biris.

Maman Hanif:
Ni dai abin da zan ƙara, waɗanda suka kwashe yaran su ne suka rubuta takardun nan fa. Ga cibiyar gaskiya da sulhu nan a Jami'ar Manitoba kusa da ke, tana ajiye da bayanan mutum fiye da 6,000, yawancinsu tsofaffin ɗaliban makarantun, da suka yi magana da bakinsu, ki saurare su. Kuma in Allah ya sa kin gano sunan kar ki yi saurin sa shi a takarda, ki fara zuwa wajen dattawan ƙabilarta, yarinyar nan tana da dangi har yau.

Ummu Safiyya:
Na gode Yaya, na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Na kwafe lambar a littafina, ran Litinin zan fara da rahotannin Ottawa.